Ɗakin da Hureira Ta Kama Mana a Kan Dutse

Bukit Jalil, Kuala Lumpur,
27 ga Disamba, 2021.

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Yahuza da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, Ya sassauta mata ciwon gwiwar da kika ce ya taso mata da shigowar sanyi. Allah Ya jiƙan Hureira, Ya haskaka kabarinta, Ya ba Hajiya haƙurin rashin 'ya, ke Ya ba ki haƙurin rashin ƙanwa, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da ta bari.

Mu nan muna lafiya. Ambaliyar da kuka gani a labarai ba ta taɓa mu ba, don a hawa na goma sha huɗu muke, sai dai ruwan famfo da ya ɗauke mana kwana biyu. Umair ya cika shekara biyar, ya fara rubuta sunansa, ko da yake harafin ƙarshe har yanzu a juye yake yin sa. Khaulah ta zo ta biyu a ajinsu. Malam Zahraddeen da mai ɗakinsa Halimatu, waɗanda suka riƙe yaran lokacin rasuwar, har yanzu ba su gaji da mu ba. Duk Asabar sai Halimatu ta aiko mana da miya daga Danau Kota, wani lokaci har da tuwo. Sauran kwanaki ni nake dafawa, in aiki ya yi yawa kuma mu sauka shagon abincin Indiyawa Musulmi na ƙasan gidanmu, wanda ake kira mamak, mu yi tapau, wato a ƙunshe mana abinci, mu hau da shi sama mu ci.

Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoton takardar in turo miki, saboda a waya ba na iya jera magana yadda ya kamata. Tun watan Satumba kin isar mini da saƙon Hajiya har sau uku, cewa in turo yaran gida, Khaulah ta zauna a wurinta a Kurna, Umair kuma a kai shi Bichi wurin mahaifiyata, ni in tsaya in ƙarasa shekara biyun da suka rage mini a aikin koyarwa a jami'a. Duk sau ukun amsa ɗaya na ba ki, cewa yara suna nan lafiya, suna ci suna sha suna karatu, a ƙara mini lokaci. Ba ƙarya na yi miki ba, iyakar abin da na sani ke nan. A makon jiya na san abin da ya fi haka, kuma ina so ki ji yadda aka yi kafin ki ji shawarar da na yanke.

Wayar Hureira tana nan a kunne, don ta nan saƙonnin makarantar yara suke shigowa kuma ban samu na canza lambar ba. A farkon watan nan saƙo ya shigo daga wani otal, suna tunatar da ita cewa ɗakin da ta kama na kwana biyu zai faɗi idan ba a zo ba kafin ƙarshen shekara. Sai na tuna. Tun kafin korona ta biya shi da kuɗin abincin da take dafa wa ɗalibai 'yan gida, da nufin mu je a hutun Disamba, sai kulle ya zo aka yi ta ɗagawa. Khaulah ce ta fara ganin saƙon. Ta kawo mini wayar ta ce ya kamata mu je, don Ummi ta nuna mata hotunan wurin, ta kuma yi mata alkawarin za su shiga kowane otal su gani. Ban ga dalilin hanawa ba. An buɗe hanya, na yi rigakafina biyu, jami'a tana hutu.

Wurin yana kan dutse ne, tafiyar kamar awa ɗaya daga gari a motar bas, daga nan kuma a shiga wani ɗan ɗaki na gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, ya ɗauke ka ta saman daji har ƙololuwa. A can akwai babban filin wasan yara, da lilo da jiragen da ke juyi da mutane, otal-otal kuma sun kewaye shi, an haɗa su da dogayen barandoji masu rufi da matattakala mai tafiya da kanta. A lokacin Kirsimeti kowane otal yana ƙawata zaurensa, mutane kuma su yi ta zagaye daga wannan zuwa wancan suna kallo suna ɗaukar hoto, ko da ba a nan suka sauka ba. Malay da 'yan Cana da Indiyawa da Larabawa duk za ki gan su, ba ruwan kowa da addinin wani, kallon fitilu ne kawai. Akwai sanyi sosai, ga hazo da ke shigowa har cikin baranda. Mun isa ranar Laraba da hantsi.

A wurin karɓar baƙi an zana layuka a ƙasa don kowa ya san inda zai tsaya, ma'aikatan kuma suna bayan gilashi, kowa da takunkumi. Wadda ta karɓe mu wata 'yar Malay ce mai kimanin shekarun Hureira. Ta duba kwamfuta ta tambayi ina Madam Hureira, don da sunanta aka kama ɗakin kuma ana buƙatar fasfonta. Na ce ba ta zo ba. Ta ce ba komai, ana iya kiranta ta bidiyo ta tabbatar. Na rage murya na gaya mata gaskiya, amma da takunkumi da gilashi ba ta ji ba. Na maimaita, ta matso da kunne, har yanzu ba ta ji ba. Ina shirin faɗa karo na uku sai Umair, wanda yake riƙe da wandona, ya ɗaga kai ya gaya mata da yaren Malay cewa Ummi ta rasu. Ya faɗe shi da ƙarfi kamar yadda yake amsa tambaya a aji, duk waɗanda suke layi suka ji. Matar ta yi salati a hankali, ta nemi takardar shaida. Ina da hotonta a waya, na nuna mata. Ta shiga ciki ta yi magana da na gaba da ita, ta dawo ta canza sunan zuwa nawa. Da ta zo ba mu katin karin kumallo ta miƙo huɗu, sannan ta lura, ta janye ɗaya. Na dubi Khaulah na ga tana gyara wa Umair takunkuminsa.

Bayan azahar muka fara zagayen. Otal ɗin da muka sauka an kafa bishiya a zaurensa wadda tsawonta ya kai hawa uku, an rataya mata ƙwallaye ja da ruwan zinare. A na biyu, duk bayan awa ɗaya ake sako wani farin kumfa daga rufi a matsayin ƙanƙara, yara su yi ta tsalle a ƙarƙashi. Umair ya zame takunkumi ya ɗanɗana, ya ce sabulu ne. Na uku na manyan mutane ne, babu hayaniya, akwai wani abin kiɗa da yake kaɗa kansa ba kowa a kujerar, da ɗan gida da aka gina da biskit wanda aka kewaye da igiya don kada a taɓa. Mun wuce ta gaban wani kuma da yake a rufe gaba ɗaya, an kifa kujeru a kan tebura, amma an kunna fitilun bishiyar da ke ciki. Mai shara a wurin ya ce tun bara aka sallami yawancin ma'aikatansa. Ni dai ina biye da su ne ina ɗaukar hoto inda Khaulah ta ce a ɗauka. Ita take karanta allunan hanya, ita take cewa a juya dama ko hagu. Jakar makarantarta tana goye a bayanta, na ce ta bar ta a ɗaki ta ce ba ta da nauyi. A kowace ƙofa sai ta fesa wa Umair maganin wanke hannu kafin mai gadi ya ce a yi. Wata dattijuwa ma ta yaba mata, ta ce mini na yi sa'ar 'ya mai hankali. Na yi godiya, kuma a lokacin haka na ɗauka.

Washegari da safe muka shiga filin wasa. Umair ya hau doki mai juyawa sau huɗu, ya hau ƙaramin jirgin ƙasa, ya yi kuka da aka ce tsawonsa bai kai na hawa babban lilo ba. Khaulah ba ta hau komai ba. Duk wanda na nuna mata sai ta ce ita za ta riƙe mana riguna. Da muka yi salla muka ci abinci, saura otal biyu a cikin waɗanda Hureira ta lissafa mata, muka nufi na farkonsu. A ƙofa akwai na'urar auna zafin jiki da ake tsayawa a gabanta. Na wuce, Khaulah ta wuce, da Umair ya tsaya sai ta yi ƙara ta nuna ja. Mai gadin ya ce ya ɗan huta a sake. Aka sake sau biyu, talatin da takwas da ɗigo ɗaya. Cikin ladabi ya ba ni haƙuri ya ce ba zai iya barin mu shiga ba, ya kwatanta mini inda ƙaramin asibitin wurin yake.

Ina juyowa na tarar da Khaulah a durƙushe a ƙasa, ta buɗe jakar. Babu littafin makaranta ko ɗaya a ciki. Akwai na'urar auna zafi irin wadda ake nunawa a goshi, da ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don ganin iskar da ke cikin jini, da kwalbar farasitamol na yara, da kayan gwajin korona guda biyu, da wani littafi mai baƙin bango. Ta kama hannun Umair ta maƙala masa abin a yatsa, ta zuba wa lambar ido. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Da lambar ta tsaya ta ce casa'in da takwas ne, ba komai, sai ya sauka ƙasa da casa'in ake kiran motar asibiti. Na tambaye ta wa ya koya mata wannan, ta ce ba kowa. Na ɗauki littafin na buɗe. An ja layi uku a kowane shafi, an rubuta Abba, Umair, Khaulah, a ƙasa kuma kwanan wata da lambobi. Shafin farko na ƙarshen watan Yuli ne. Ban ga ranar da aka tsallake ba, har da safiyar ranar.

A asibitin an yi wa Umair gwaji, ba korona ba ce. Likitan ya duba maƙogwaronsa ya ce sanyin dutsen ne ya kama shi, ya ba da magani ya ce a bar shi ya huta. Muka koma ɗaki wajen la'asar, ya sha maganin ya yi barci. Hazo ya rufe taga, ba a ganin komai a waje. Na zauna a bakin gado na kira Khaulah, na ce ba faɗa zan yi ba, so nake in sani. Ta ce duk safiya bayan sallar asuba, idan na koma na ɗan kwanta, takan shigo ta nuna mini na'urar a goshi ta fita. Kayan gwajin kuma Anti Halimatu ta sa ta sayo, ta ce mata ni na aiko. Ta ba ni haƙuri a kan wannan ƙaryar. Na ce na yafe. Sai na tambaye ta maganar casa'in.

Yaya Hannatu, kin san yadda abin ya faru a Yuli, amma bari in maimaita don ki ga inda giɓin yake. Ni na fara kamuwa, jikina ya yi tsanani, ranar Talata aka ɗauke ni zuwa cibiyar killacewa. Hureira ma gwaji ya nuna tana da ita, amma nata da sauƙi, aka bar ta a gida da yara. Ranar Juma'a da safe aka kira ni aka ce motar asibiti ta ɗauke ta. Bayan kwana biyar ta rasu, ma'aikatan lafiya suka yi mata sutura suka binne ta, ni ina kallo ta wayar Malam Zahraddeen wanda ya tsaya daga nesa. Abin da na sani ke nan, shi na gaya muku. Ban taɓa tambayar wa ya kira motar ba. Na ɗauka Hureira ce da kanta.

Khaulah ta ba ni labarin da Turanci, tana kallon bargo. Ta ce ranar Alhamis da rana Ummi ta sa abin a yatsa ya nuna tamanin da takwas, ita kuma ta gani. Ummi ta ce mata kada ta gaya wa Abba idan ya kira, don shi ma ba shi da lafiya kuma hankalinsa zai tashi, zuwa gobe za ta warware. Na kira da yamma, Khaulah ta karɓi wayar muka gaisa, ba ta faɗa ba. Da gari ya waye Ummi ba ta tashi salla ba, leɓenta ya canza launi, tana magana ba a ji. Khaulah ta kira lambar gaggawa da ke manne a jikin firij, ta faɗi sunan gida da lambar hawa da ta ƙofa. Ta kai Umair ɗaki ta kunna masa katun ta rufe don kada ya gani. Ta jawo kujera ta hau ta zare sakatar sama ta ƙofar shigowa. Ta sa wa Ummi hijabi saboda maza ne za su shigo. Sannan ta zauna kusa da ita har suka zo, ta ce sun daɗe. Bayan sun tafi ne ta kira Anti Halimatu. Ta ce tun ranar take lissafi, da ta faɗa mini ranar Alhamis da an kai Ummi asibiti da wuri, da ba ta mutu ba. Shekararta tara, kuma wata biyar tana ɗauke da wannan a cikin gidana, muna cin abinci a tebur ɗaya.

Ta ƙara da cewa ta saurari saƙonnin murya da kika turo a kan maganar komawa gida, don wasu ta wayar Ummi suka shigo. Ta ce ba ƙin Hajiya take yi ba. Amma idan ta tafi wa zai riƙa duba ni, kuma idan aka kai Umair Bichi ita tana Kano, ta yaya za ta san ko jikinsa ya yi zafi.

Na gaya mata abin da na iya. Na ce ajalin Ummi rubutacce ne tun kafin a haife ta, ba kiran waya ba ne zai ƙara mata kwana. Na ce ni ma na yi magana da Ummi a ranar Alhamis ɗin, na ji numfashinta yana sarƙewa, na tambaye ta ta ce gajiya ce, na yarda, alhali ni ne babba. Idan akwai wanda ya kamata ya gane to ni ne, ba ita ba. Na ce abin da ta yi ranar Juma'a manya da yawa ba za su iya ba, kuma biyayya ta yi wa mahaifiyarta, ba laifi ba. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. A raina ban san abin da kwana ɗaya zai canza ba, likita ne zai sani, kuma ba ni da niyyar tambaya. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ta ɗan zauna, ta tashi ta taɓa goshin Umair, ta ce zafin ya sauka. Da magariba ta yi na sauka na sayo mana shinkafa da kaza muka ci a ɗaki.

Da asuba ina idar da salla ban koma na kwanta ba. Na zauna a kan darduma na ce ta kawo na'urar. Ta ɗauko, na miƙa mata goshi ta auna ta rubuta. Na ce daga yau ta riƙa yi ina farke, kuma ni zan riƙa auna ta in rubuta nata layin. Ban karɓe littafin ba. Na yi tunanin karɓewa, na ga ba shi ne ciwon ba. Otal biyun da suka rage ba mu shiga ba. Na ce mu gwada kafin mu sauka tunda Umair ya ji sauƙi, ta ce a bar su, ta ga waɗanda ta gani. A cikin ɗan ɗakin gilashin nan muna saukowa ne ta jingina kanta da hannuna ta yi kuka, ba da ƙara ba, tun daga sama har muka iso ƙasa. Mu uku ne kawai a ciki. Umair yana ta ƙirga bishiyoyi.

To ga shawarar da na yanke. Hajiya ta yi gaskiya, yaran nan suna buƙatar gida, kuma ni kaɗai ban isa ba. Na yi wata biyar ina duba cikinsu da takardun makarantarsu ina cewa lafiya. Amma ba zan turo su ba, ni zan kawo su, kuma ba zan dawo nan ba. Yau da safe na rubuta wa shugaban sashenmu cewa zan ajiye aiki idan zangon karatu ya ƙare a watan Maris. Ya kira ni ya ce in ɗauki hutun wata shida in sake tunani, na yi masa godiya na ce na riga na yi. Ban sani ba ko kwalejin da na bari a Kano za su mayar da ni, zan rubuta musu, in bai yiwu ba in nemi wani abin. In Allah Ya yarda za mu iso kafin azumi.

Inda nake roƙon Hajiya ta yi mini uzuri shi ne maganar raba su. Ba za a kai Umair Bichi ba, zan yi wa mahaifiyata bayani da kaina. Ba kuma za a raba su da ni ba. Ina roƙon Alhaji Yahuza ya fara duba mini ɗan gidan haya a Kurna, ko ɗaki biyu ne, wanda yaro zai iya takawa da ƙafa zuwa gidan Hajiya. Su wuni a wurinta bayan makaranta, ta yi musu tarbiyya yadda ta yi muku, su kwana a wurina. Na san Hajiya tana da haƙƙi a kansu, ba jayayya nake yi ba, roƙo ne.

Sauran roƙon a wurinki yake. Ki karanta wa Hajiya abin da kika ga za ta iya ɗauka, ke kika fi ni saninta. Maganar ranar Alhamis, in kin ga a bar ta tsakaninmu, a bar ta. Ba na so kowa ya ce me ya sa Hureira ta ɓoye, don saboda ni ta yi. Idan mun iso 'yan uwa za su yi ta zuwa gaisuwa, kuma na san za a so jin yadda aka yi daga bakin wadda take wurin. Don Allah ki tsaya mini kada kowa ya tambayi yarinyar nan. Idan ta ga dama wata rana za ta faɗa wa wanda ta zaɓa, wataƙila ke ce. Malamar da ke kula da irin wannan a makarantarsu za ta fara zama da ita idan an koma hutu, kuma zan so a samo mana irinta a Kano. Sannan Hausarsu ba ta da ƙarfi, suna ji sarai amma da Turanci suke amsawa, Umair kuma yana haɗawa da Malay. Ki ja wa yaranki kunne su yi haƙuri da su, kada a mayar da su abin dariya, bakin zai buɗe da kansa.

Jiya Lahadi mun je maƙabarta, a nan na gaya musu za mu koma gida, mu ukun tare. Umair ya tambaya ko a jirgi za a ba shi kujerar taga. Khaulah ta tambaya wa zai riƙa zuwa wurin Ummi. Na ce Malam Zahraddeen ya yi alkawari muddin yana ƙasar. Ta ce idan shi ma ya gama karatu ya tafi fa. Na ce to babu kowa, sai masu kula da wurin, amma addu'a daga ko'ina aka yi tana isa, kuma a Kano masu yi mata sun fi yawa. Wannan ne ya fi yi mini nauyi a duk shawarar, ban kuma ɓoye mata ba. Ba ta ce ta yarda ba, ni ma ban matsa ba. Sai da muka dawo gida, ina wanke kwanuka tana gogewa, ta tambaye ni ko a Kano ana sayar da irin batirin na'urarta, ko kuwa mu saya da yawa mu tafi da su. Na ce ana sayarwa.

Ki durƙusa mini a gaban Hajiya ki gaishe ta, ki ce ina neman afuwa a kan jinkirin amsa, ina kuma neman addu'arta. Ki gaishe da Alhaji Yahuza da godiya tun kafin a yi. Ki gaishe da Kawu Salisu da iyalinsa, da Gwaggo Ɗelu, ki ce mata yajin da ta aiko wa Hureira bara har yanzu da saura, da shi nake gyara miya. A gaishe da Daso, Allah Ya sauke ta lafiya, da yaranki duka, babba da ƙarami. Malam Zahraddeen da Halimatu suna gaisuwa. Khaulah da Umair suna gaishe da kakarsu da Antinsu. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalamu alaikum.

Naki ƙane,
Badamasi Ubaidullah